Sharaɗin da Abba Ya Bari

Masu karatu, ku gyara zama, yau ba labarin kwalliya na zo muku da shi ba. Ku da kuka dame ni da "yaushe ne bikin?" ku ɗan sassauta mini, ni kaina a makon nan ban san amsar ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: ni ce auta a gidanmu, aikina rubuta manhajar kwamfuta, akwai kuma wani mai tabarau da manyansa suka tsayar da ranar Asabar za su zo neman aurena. Sarkin Ƙa'ida nake ce masa. Mutum ne da ko titi ba kowa sai ya tsaya wa jar wuta har ta canza. Wannan halin nasa ne ya sace mini zuciya, shi ne kuma ya sa ranar Asabar ɗin take tangal-tangal.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Abbanmu malamin 'yan aji ɗaya ne, a nan ya fara aiki, a nan ya yi ritaya. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya jawo kujera kusa da ni ya ce in koya masa "wannan rubutun naku mai kama da sawun tururuwa". Na ɗauka mako guda zai yi ya gudu, ashe ni ce zan gaji. Kafin a ce haka ya haɗa wata 'yar manhaja ta koya wa yara haruffa, ya sa mata suna Faɗi Mu Ji. Harafi zai fito, muryar Abba ta faɗe shi, yaro ya maimaita. A cikin durowar kayan Umma ya ɗauki muryar, ya shige tsakanin riguna ya ja ƙofa don kada ƙarar titi ta shiga, Umma tana waje tana mitar zai yamutsa mata guga.

Da farko abokansa malamai kawai ya ba. Sai wani mai rawar kai ya sauya darasi, ya jirkita sautuka, ya kuma bar sunan Abba a kai, har wani uba ya tare shi a hanya yana masa ƙorafin an rikita masa yaro. Abin ya tsaya wa Abba a rai. Don haka da zai saki manhajar ga kowa, na ce masa sai da lasisi, wato 'yar takardar da ke faɗin abin da aka yarda mutane su yi da ita. Na kawo masa shiryayyu ya zaɓa, ya ce shi ba ya sa hannu a maganar da ba tasa ba. Da kansa ya rubuta nasa: "Kowa ya yi amfani da ita, kowa ya kwafa, kowa ya raba. Wanda ya ga gyara ya gyara. Amma kada ya ba wani abin da ya gyara sai ya aiko mini na duba na amince."

Abba ya rasu shekara biyu da suka wuce, amma saƙonni ba su daina shigowa imel ɗinsa ba. Malamai ne daga wuraren da ba mu taɓa jin sunansu ba. Wannan ya ƙara hotuna, wancan ya rage saurin darasi, kowa kuma da gaisuwa yake farawa: "Malam, ya gida, ya ƙarfin jiki? Ga ɗan gyaran da na yi, a duba mini." Duk Lahadi da hantsi ni da Umma mukan zauna a falo da tsohuwar kwamfutarsa, wadda maɓalli ɗaya ya ɓalle aka liƙa da salatif. Ni in duba gyaran, in karanta mata gaisuwar a fili, ita kuma ta ce, "Amsa masa yadda Abbanku yake amsawa." Sai in rubuta: "Na gani. Ya yi kyau. A ci gaba, Allah ya yi albarka." Ba na sa suna a ƙasa.

Sau ɗaya na ce mata, "Umma, ko mu gaya musu ya rasu?"

Ta dube ni ta ce, "Sun tambaye ki?"

Ban ƙara tayar da maganar ba. Na san abin da wasunku za su ce. Ku faɗa, amma ku fara zuwa ku ga fuskar Umma in aka ce "a gaida Malam". Duk mako sau ɗaya mijinta yana da rai a bakin mutane, ni kuwa ban ga ƙarfin halin da zan ƙwace mata wannan ba.

To ni ce na jawo abin da ya biyo baya, da kyakkyawar niyya. Akwai wani babban rumbun manhajoji da 'yan sa kai daga ko'ina suke kula da shi, kuma makarantu da yawa daga can suke ɗauko abin da suke sa wa kwamfutocinsu. Na ce in Faɗi Mu Ji ta shiga rumbun nan, muryar Abba za ta kai inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba. Ƙa'idarsu ɗaya ce, manhajar 'yanci kawai suke karɓa. Ba maganar kuɗi suke yi ba. Nufinsu, duk wanda ta shiga hannunsa yana da damar ya yi amfani da ita, ya gyara, ya kuma raba gyaran ba tare da ya tsaya a ƙofar wani ba. Akwai kwamitin da ke duba lasisi a wani zaure na intanet da kowa zai iya karantawa, kuma Sarkin Ƙa'ida yana cikinsu.

Ba zan ci amanarsa ba, ya gargaɗe ni. Ya ce, "Injiniya, layin ƙarshen nan na sharaɗin Abba zai ba ki matsala."

Na ce, "Ka bari su faɗa da bakinsu."

Ya ce to, ni kuma na aika musu da manhajar. Ya kuma sanar da su cewa yana da alaƙa da iyalin, don haka ba zai sa baki ba, ba zai kaɗa ƙuri'a ba.

Ranar Talata na fito daga wani dogon taro a ofis, wayata a kashe tun safe, yunwa kamar ta kashe ni. Na zauna ina cin biskit a kan maɓallan kwamfuta, na buɗe zauren in ga inda aka kwana. Muhawara ta yi nisa. Wani ya ce sharaɗin neman izini kafin a raba gyara ba 'yanci ba ne, magana ta ƙare. Wata ta ce ai sun sha karɓar lasisin da ya ce wanda ya gyara ya canza suna, wannan ma ɗan'uwansa ne. Aka ce mata a'a, canza suna mutum zai yi shi kaɗai a ɗakinsa, izini kuwa sai ya jira wani. Sai wani dattijon kirki ya shigo ya ce shi ya gwada: ya aika wa marubucin ɗan gyara, amsa ta zo masa da albarka a ciki. Ya ce ga alama mutumin bai taɓa hana kowa ba, yana nan yana amsawa, don haka a aikace manhajar ta 'yanci ce, a karɓa.

Na tuna saƙon, ranar Lahadi na amsa shi da hannuna. Mutane suka fara cewa sun gamsu da dattijon, za a rufe maganar da azahar. Can ƙasa sai ga sunan mutumina.

"Na ce ba zan sa baki ba, kuma ba zan kaɗa ƙuri'a ba. Amma ba daidai ba ne in yi shiru ku yanke hukunci a kan abin da ba haka yake ba. Marubucin ya rasu shekara biyu da suka wuce, Allah ya ji ƙansa. Iyalinsa ne suke amsa saƙonninsa, da kyakkyawar niyya. Sharaɗin ya ce sai shi ya amince, shi kuwa babu wanda zai ƙara samun amincewarsa."

Na ajiye biskit ɗin. Na kunna waya, sai ga kiransa jere da juna. Ban kira ba, saƙo na tura.

"Me ka yi?"

"Na neme ki tun safe, wayarki a kashe. Da azahar za su rufe."

"Maganar imel ɗin Abba da na gaya maka a ƙofar gidanmu ita ka kai kasuwa."

"Na sani. Ki bari in zo in yi miki bayani."

"Ka yi wa kwamitinka."

Na kife wayar. Ina jin haushinsa har cikin ƙashina, ina kuma jin haushin kaina don wani gefe na zuciyata yana cewa yaron nan bai faɗi ƙarya ba. Na ce wa wannan gefen ya rufe mini baki.

Na yi zaton zan riga labarin isa gida. Na manta da tsohuwar wayar Abba, wadda Umma take sa wa caji kullum tana ajiyewa a kan teburin gefen gado, imel ɗinsa kuma yana cikinta. Malamai suna bin zauren nan, labari ya bazu a tsakaninsu, wayar ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Umma ba ta ganin ƙananan rubutu, ni ba na nan, sai ta miƙa wa Yaya, babban wana, wanda tun rasuwar Abba shi ne a madadinsa. Ya karanta mata na farko, ya kai rabin na biyu, ya ajiye wayar ya fita tsakar gida. Duk ta'aziyya ce.

Da na shigo, takalmina ma ban gama cirewa ba. Gwaggo, ƙanwar Abba, tana tsaye a kan kujera tana gwada sabon labulen da ta kawo saboda baƙin Asabar, allura a bakinta. Umma tana zaune a inda ta saba, hannayenta a cinya, mayafinta ya zame ba ta gyara ba. Yaya yana kai da komo, rigar aikinsa a jiki, wuyan a buɗe.

"Auta, zo nan," ya ce. "Wannan shi ne mutumin da kika kawo mana?"

"Yaya, ka bari in..."

"Ya rubuta wa duniya cewa aikin Abba ba shi da 'yanci, sai ka ce Abba bayi ya ajiye. Bai tsaya nan ba, ya maida mu maƙaryata. Ki dubi Umma. Yau aka sake yi mata rasuwa."

Gwaggo ta zare allurar daga baki. "Ni dai ban gane ba. Mutum ya rasu, an ce ya rasu, ina abin faɗa? Ku dai kada ku kore mana yaro. Maza masu aiki da hankali ba a kan titi ake tsintarsu ba, ita kuma ba ƙarama ba ce."

"Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan ba maganar shekaru ba ce." Ya juyo gare ni. "Ki gaya masa. Ko ya koma ya janye abin da ya rubuta, ya sa su karɓi manhajar yadda Abba ya bar ta, ko kuma ranar Asabar su yi zamansu a gida. Kada ma ya sake tako ƙofar nan."

Na dubi Umma ko za ta ce wani abu. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ja ƙofa a hankali. Da ta buga ƙofar da ƙarfi ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari da rana na same shi a bakin ofishinmu, a cikin 'yar motarsa da kujerarta ke ƙara in an zauna. Na fito da niyyar in wuce shi, har na gyara mayafi na ɗauke kai. Ƙafafuna ne suka ci amanata. Na shiga na zauna ina kallon gaba, na zayyana masa saƙon Yaya ba ragi.

Ya ce, "Zan tambaye ki abu ɗaya. Irin tambayar da muke yi wa kowane lasisi ce."

"Yau ma jarrabawa za ka yi mini?"

"A ce wata malama tana can inda babu sabis. Ta ga yaranta ba sa gane wani darasi, ta gyara. Malamin makarantar gaba ya gani ya ce ta zuba masa a filashi. In ta ba shi, ta karya sharaɗin Abba?"

"Ta karya."

"In kuma tana tsoron Allah ta ƙi karyawa?"

"Sai ta hana shi."

"To lasisin da zai sa mutumin kirki ya zaɓi tsakanin karya alƙawari da hana maƙwabci, shi ne ba ma kiransa na 'yanci. Ba zagi ba ne, Injiniya. Ba mu ce Abba ya yi rowa ba."

"Amma ba mu taɓa hana kowa ba."

"Ku ba ku hana ba. In kin kwanta rashin lafiya fa? In imel ɗin ya rufe? Izinin da ake bayarwa kullum ma izini ne, sai an jira shi." Ya juyo sosai. "Kuma abin da Abba ya ji tsoro yana da magani. A rubuta cewa duk wanda ya gyara dole ya canza wa tasa suna, ya kuma bayyana cewa ya gyara. Wannan kwamiti zai karɓa yau-yau. Ba wanda zai sake ɓata darasi ya bar sunan Abba a kai."

Kun ga irin mutumin da nake so ko? Gidanmu yana ci da wuta, shi yana tsara mini layin lasisi. Na ce masa, "Kai takarda kake gani, ni uwata nake gani."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. In ya cire shi sai ya koma kamar yaron da ya ɓata a kasuwa, kuma ya san ba na iya faɗa da wannan fuskar. Ya ce, "A nan na yi laifi. Da na rasa ki a waya, kamata ya yi in roƙe su su jira, in zo wajen Umma kafin in je wajensu. Agogo na kalla, ban kalli mutane ba. Wannan zan ba da haƙuri a kansa har bakina ya gaji. Amma in koma in ce abin da na rubuta ba haka ba ne, ba zan iya ba."

"Ko da Asabar za ta rushe?"

Wani mai babur ya yi ta masa hon ya matsa, bai ma ji ba.

"Zan yi ta zuwa ƙofar gidanku har a gaji da korata. Amma ba zan rubuta ƙarya ba."

Na fita na buga masa ƙofar motar. Na shiga banɗakin ofis na yi kukana, na wanke fuska, na sake zizara kwalli, na koma kan aiki kamar mutuniyar arziki. Gaba kura, baya sayaki: in na bi Yaya na rasa shi, in na bi shi na taka zuciyar Umma.

Umma kuwa ba ta ce uffan ba. Tana girki, tana shanya, tana amsa gaisuwa, amma maganar ba ta fito daga bakinta ba. Wayar Abba tana ta ƙara a ɗaki. Yaya ya ce a kashe ta, Umma ta girgiza kai. Na ce ko in karanta mata, ta sake girgiza kai. Gwaggo kuwa ta bi ni kicin tana raɗa mini cewa in lallaɓa yaron ya rubuta ko me Yaya yake so, ai bayan aure sai ya goge. Na ce mata, "Gwaggo, ba ki san shi ba." Ta ce, "Duk namiji yana lanƙwasuwa in yana so." Ni kuwa ban san ko in yi fatan ta yi gaskiya ba.

Ranar Alhamis da safe ina ɗaure igiyar takalmi, Umma ta tsaya a kaina. "Kira mini yaron nan. Ya zo bayan la'asar."

Na dawo gida da wuri. Na ciro doguwar riga mai ruwan toka, na mayar, na ciro shuɗiya, na ga kamar ta yi murna da yawa, na koma kan mai ruwan tokar. Ya zo da farar riga da ta sha guga har tana ƙyalli. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya jera su daidai, ya ƙi kujera ya zauna a gefen kafet, kansa a ƙasa. Yaya yana tsaye jingine da bango, hannu a harɗe. Gwaggo ta kawo ruwa da lemo ta dire masa a gaba kamar mai ba shi kariya. Ni na raɓe a bakin ƙofar kicin.

Bayan gaisuwa ya ce, "Umma, a yi mini afuwa. Ta wajenki ya kamata maganar nan ta fara bi, na yi gaggawa."

"Na ji," in ji Umma. "Yanzu ka yi mini bayani yadda zan gane. Me mijina ya rubuta da bai yi muku ba?"

Ya yi mata bayani a hankali, ba kalmar da ta fi ƙarfin falon. Ya gaya mata abin da za a iya sawa a madadin layin, yadda sunan Abba zai tsira daga ɓarnar wasu. Umma tana gyaɗa kai. Har na fara sakin numfashi, sai ta yi tambayar da na san ita ce take ci mata rai.

"In an cire layin, za su ci gaba da rubutowa?"

Gwaggo ta kafe shi da ido tana ɗaga masa gira, kowa ya ga me take nufi. Ni ma, Allah ya yafe mini, a zuciyata roƙonsa nake: ka ce e, sau ɗaya dai a rayuwarka ka ce e.

Ya ce, "Wasu za su rubuto don ra'ayin kansu, Umma. Amma da yawa za su daina, tunda ba dole."

Gwaggo ta dafe kai. Yaya ya saki wata 'yar dariya marar daɗi ya ce, "Kin ji ko, Umma?"

Umma ba ta dube shi ba. Ta sa hannu ƙarƙashin matashin kujera ta ciro wayar Abba, ta tura ta a kan kafet har gaban gwiwarsa.

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa," ta ce. "Kai ka gaya musu. Kai za ka karanta mini abin da suka ce."

Ya ɗauki wayar da hannu biyu. Ya gyara tabarau, ya fara. Na farko wani malami ne da ya ce da muryar Malam 'ya'yansa uku suka koyi karatu, yana yi mana ta'aziyya. Umma ta ce, "Amin, na gode," kamar mutumin yana zaune a gabanta. Ya karanta na biyu, ta amsa. Na uku wata shugabar makaranta ce da ta ce sun tara yara sun yi masa addu'a. A nan muryar Sarkin Ƙa'ida ta fara rawa, ya tsaya ya sha ruwa, ya ci gaba. Gwaggo da ta ce ba ta ga abin faɗa ba, ita ce ta fara jan hanci tana goge ido da gefen mayafi.

Can ya zo kan wani dogon saƙo. Wata malama ce mai koyar da yaran da ba sa ji sosai. Ta ce tun tuni ta gyara manhajar, ta sa hoton baki yana motsi da kowane harafi, amma kunya ta hana ta aiko wa Malam, tana ganin aikinta bai kai ya ɓata lokacinsa ba. Ajinta kawai ke amfani da shi, wasu malamai sun roƙa ta hana su saboda sharaɗin. Ta ƙare da cewa, "Yanzu da ba ya nan, wa zan tambaya?"

Umma ta daɗe tana kallon hannayenta.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Ki amsa mata. Ki ce ta ba duk wanda ya roƙa." Ta ɗan tsaya. "Ki sa a ƙasa, daga matarsa."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tun da Abba ya rasu, ranar ce ta farko da Umma ta yarda amsa ta fita da wani suna ba inuwarsa ba.

Ta ce maganar layin kuwa sai mun zauna mu uku, ita da ni da Yaya, don abin magada ne, ba ta yanke shi ita kaɗai. Sannan ta ce ya ci gaba. Ya yi ta karantawa har rana ta yi sanyi, hasken taga ya koma ja, muryarsa ta dushe. Ya ja allon wayar ƙasa don ya ga saura nawa, ya ja, ya sake ja, bai ga ƙarshe ba.

"Ya isa na yau," in ji Umma. "Gobe ka dawo. Jibi ma."

Yaya ya bar jikin bango. "Umma, mutumin da na ce kada ya sake tako gidan nan?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, ba da faɗa ba. "Kai za ka karanta mini?"

Idanun Yaya sun kaɗa sun yi ja, sai a nan na lura ashe tun ɗazu ba fushi ne kaɗai ya tsayar da shi a jikin bangon ba. Tausayinsa ya kama ni, don shi ko hoton Abba ba ya iya kallo. Da ya yi magana, a ƙasa-ƙasa muryarsa ta fito.

"Jibi Asabar ce, Umma."

"Na san kwanaki," ta ce, tana miƙa hannu a ba ta wayar. "In manyansa sun gama abin da ya kawo su sun tafi, sai ya zo ya ƙarasa mini."

Gwaggo ta kama hannuna ta matse har ya yi mini zafi. Sarkin Ƙa'ida ya sunkuyar da kai, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ɗauki makullin motarsa daga kan tebur ya fita. Umma ta faɗi tata, amma baƙin nan ba ita za ta karɓe su ba, Yaya ne, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan bai ɗauki wayar kowa ba.